Alan Hodgkin, Wanda Ya Gano Yadda Jijiya Take Kai Saƙo

An haifi Alan Hodgkin ran 5 ga Fabrairu, 1914, a garin Banbury na ƙasar Ingila. Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu a Bagadaza, ya bar shi a hannun mahaifiyarsa. Maraici bai hana shi karatu ba. A shekarar 1932 ya shiga Jami'ar Kambirij, ya duƙufa a kan ilmin jikin halitta.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda saƙo yake tafiya daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Jijiyar mutum siririya ce ƙwarai, ba ta aunuwa da kayan aikin wancan zamani. To, akwai wata dabbar teku da ake kira sikwid, mai jijiyar da kaurinta yakan kusan milimita ɗaya. A 1939 shi da ɗalibinsa Andrew Huxley suka tafi Plymouth, a bakin teku, suka zura siririn bututu cikin jijiyar nan, suka auna lantarkin da ke ciki. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Dole suka ajiye aikin, aka sa Hodgkin aikin ƙera radar jiragen sama.

Da yaƙi ya ƙare suka koma. A 1952 suka bayyana cewa gishiri iri biyu ne suke wannan aiki. Sodiyam yakan kutsa cikin jijiya ya kunna saƙo, sa'an nan fotasiyam ya fita ya mayar da ita yadda take, don ta shirya wa saƙo na gaba. Huxley ya yi makonni yana lissafin da injin da ake juyawa da hannu. A 1963 aka ba su kyautar Nobel tare da John Eccles.

Hodgkin ya yi hasashen cewa fotasiyam yana bi ta wasu 'yan mitsitsin ƙofofi, ɗaya bayan ɗaya, amma bai gan su da ido ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka gano ƙwayoyin gado da suke gina ƙofofin. A 1994 aka gano cewa lahani a ɗaya daga cikinsu, mai suna KCNA1, yana sa mutum tangaɗi na 'yan mintoci idan ya firgita ko ya motsa jiki. A 1998 kuma aka gano KCNQ2, wanda lahaninsa kan sa jarirai jijjiga tun kwanakin farko na haihuwa. A yawancin gidajen da ake gadon wannan ciwo, jijjigar takan daina bayan 'yan watanni. Idan uwa ko uba yana da lahanin, kowane ɗa yana iya gadonsa, yana kuma iya tsira, rabi da rabi. Cikin wannan shekara, ran 20 ga Disamba, Hodgkin ya rasu a Kambirij.

Saboda haka iyayenmu, in jijjiga tana bin gida kaka da kakanni, kada a zargi uwa ko maƙwabciya. A kai yaro asibiti, a gaya wa likita tarihin dangi. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu tuna mutumin nan ya yi shekara goma sha uku kafin aikinsa ya nuna. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.