Mickey Thompson: Gwanin tsere da ya nemi gudu a ƙarƙashin taya

Tseren da Amurkawa ke kira drag ba ya da kwana. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, su tashi lokaci guda, su miƙe tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. A irin wannan gasa, duk ƙarfin inji banza ne muddin tayoyin baya ba su damƙi kwalta ba, domin sai su riƙa juyawa a wuri guda suna hayaƙi, abokin karawa kuwa ya yi gaba. Wannan matsala ita ce ta fito da sunan Mickey Thompson, kuma ita ya yi ta bi har ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Marion Lee Thompson ranar 7 ga Disamba, 1928, a jihar Kalifoniya. Yana saurayi ya yi aiki a ɗakin buga jaridar Los Angeles Times, yana kuma haɗa motocin tsere da hannunsa a lokacin hutu. A shekarun nan injuna sun riga sun fi ƙarfin tayoyin da ake da su, kuma direba kan zauna ne a gaban tayoyin baya, kamar a kowace mota.

A 1954 Thompson ya sauya wannan tsari. Ya mayar da kujerar direba can bayan ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, inji ma ya matso baya. Hikimar a fili take: gwargwadon nauyin da ke danne taya, gwargwadon yadda take kama ƙasa. Idan mota ta figa, nauyinta kan karkata baya dama, sai wannan zubi ya ƙara wa tayoyin da ke tura motar kaya tun kafin a tashi. Direban ya zama kamar dutse a cikin majajjawa, kuma daga wannan kamanni motar ta samo laƙabinta. Zubin ya mamaye filayen tsere na tsawon shekaru, har zuwa farkon shekarun 1970 da aka koma sanya inji a bayan direba saboda tsaro.

Irin waɗannan motoci ba a sa musu sifirin a baya. Taya ce ke ɗaukar girgiza, shi ya sa ake yin ta mai faɗi, ba zane, da roba mai laushi, a kuma rage mata iska domin ta shimfiɗu sosai a kan kwalta.

Daga 1955 ya jagoranci filin tsere na Lions Drag Strip da ke kusa da Long Beach, amma burinsa ya wuce rubu'in mil. Ranar 9 ga Satumba, 1960, a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah, ya tuƙa motarsa Challenger 1 mai injunan Pontiac guda huɗu, ya kai gudun mil 406.6 a sa'a, sama da kilomita 650. Shi ne Ba'amurke na farko da ya haura mil 400 a mota. Sai dai doka ta ce a je a dawo, motar kuwa ta lalace a dawowa, don haka ba a rubuta bajintar a matsayin ta duniya ba.

A 1963 ya kafa kamfanin tayoyi mai ɗauke da sunansa, ya kuma kai gasar Indianapolis 500 motoci masu gajerun tayoyi masu faɗi a kan wili mai inci 12, domin motar ta kwanta kusa da ƙasa. Shekarar da ta biyo baya hukumar gasar ta wajabta wili mai inci 15. Motar da aka tsara don ƙananan tayoyi ta rasa daidaitonta, har wasu direbobi suka gwada ta suka ƙi tuƙa ta. Ranar 30 ga Mayu, 1964, matashin direba Dave MacDonald ya kasa riƙe ta a zagaye na biyu, ta daki bango ta kama da wuta. Shi da wani direba, Eddie Sachs, suka rasa rayukansu. Mutumin da ya fi kowa sanin muhimmancin taya sai ga shi ya ga mummunan sakamakon sauya ta ba tare da motar ta dace da ita ba.

Bai bar fagen ba. A 1969 motarsa ƙirar Ford Mustang, da Danny Ongais ke tuƙawa, ta lashe manyan gasannin drag. A 1973 ya kafa SCORE International mai shirya tseren jeji da sahara, daga baya kuma ya shigar da irin wannan tsere cikin filayen wasa.

Da safiyar 16 ga Maris, 1988, wasu 'yan bindiga biyu suka harbe shi da matarsa Trudy a gidansu da ke Bradbury, suka tsere a kan kekuna. Yana da shekara 59. Sai a 2007 kotu ta sami tsohon abokin kasuwancinsa, Michael Goodwin, da laifin kitsa kisan, ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Akwai motar da ya ƙera a 1968 mai suna Challenger 2, wadda ruwan sama ya hana shi kammala gwajinta. Ɗansa Danny ya gyara ta, kuma a watan Agusta na 2018, a filin gishirin nan na Bonneville, ya je ya dawo da ita a kan matsakaicin gudun mil 448 a sa'a. A wannan karon an rubuta sunan Thompson a kundin.