John McCarthy

John McCarthy (4 ga Satumba, 1927 – 24 ga Oktoba, 2011) masanin lissafi ne da kimiyyar kwamfuta, ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya ƙirƙiro Lisp, ɗaya daga cikin tsofaffin harsunan rubuta manhaja, shi ne kuma ya fito da dabarar kwashe shara, wato yadda kwamfuta ke gano bayanan da aka gama da su a ƙwaƙwalwarta, ta share su da kanta domin a sami gurbin zuba wasu. Yana cikin waɗanda suka kafa fannin ƙirƙirarriyar basira, kuma shi ya laƙaba wa fannin sunan da ake kiransa da shi a Turanci.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Boston. Mahaifinsa ya yi ƙaura ne daga Ayilan, mahaifiyarsa kuma Bayahudiya ce da ta zo daga Lituweniya. Daga baya iyalin suka koma Los Angeles, inda ya yi sakandare. Ya shiga jami'ar Caltech a 1944, aka dakatar da shi saboda ƙin halartar darasin motsa jiki, ya yi aikin soja na ɗan lokaci, sannan ya koma ya kammala digirin farko a lissafi a 1948. Ya sami digirin digirgir a jami'ar Princeton a 1951.

A 1955, yana koyarwa a kwalejin Dartmouth, shi da Marvin Minsky da Nathaniel Rochester da Claude Shannon suka rubuta takardar neman tallafin wani taron masana, wanda aka yi a 1956. Galibi daga wannan taro ake fara ƙirga tarihin ƙirƙirarriyar basira.

Lisp da kwashe shara

McCarthy ya fara tsara Lisp a 1958 a jami'ar MIT, ya kuma wallafa bayaninsa a mujallar Communications of the ACM a 1960. Lisp yana aiki ne da jerin alamomi, jeri a cikin jeri, kamar yadda masu nazarin ginin jumla ke shata sassan jumla da baka-biyu. Irin wannan aiki yana ƙirƙirar ƙananan jeri masu yawan gaske, ya watsar da su nan take. Injin da ake amfani da shi, IBM 704, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce gurabe 32,768 ba, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba. Idan aka bar wa mai rubuta manhaja aikin sharewa da hannu, ko dai ya manta ƙwaƙwalwa ta cika, ko ya goge abin da wani sashe ke buƙata.

Mafitar da ya kawo mataki biyu ce. Manhaja za ta yi ta aiki har gurabe su ƙare. Sai tsarin ya tsaya, ya fara daga bayanan da manhaja ke riƙe da su kai tsaye, ya bi duk abin da suke nunawa yana sa masa alama. Bayan haka ya bi ƙwaƙwalwar daga farko zuwa ƙarshe, duk gurbin da ba shi da alama ya mayar da shi cikin jerin guraben da babu kowa. Wannan tsayawa takan ɗauki daƙiƙoƙi. A wani nuni da aka shirya wa baƙi daga kamfanoni a MIT, mai kwashe sharar ya tashi ana tsaka da bayani, injin buga rubutu ya shiga zayyana ƙididdigarsa a hankali har ya cinye lokacin da aka ware, mahalarta suna ta dariya.

A 1960 ɗin ne George Collins ya kawo wata hanyar dabam, ta ƙirga yawan masu nuni ga kowane abu, a share shi idan ƙirgen ya koma sifili. Rauninta shi ne abubuwa biyu masu nuna juna ba za su taɓa kai wa sifili ba. Hanyar McCarthy ba ta da wannan matsala.

Tasirinsa a burauza

JavaScript, harshen da Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, ya aro abubuwa da dama daga Scheme, wanda reshe ne na Lisp, kuma burauzojin yau suna kwashe shara ne da ingantattun nau'o'in hanyar sa alama da sharewa. Tsohon Internet Explorer 6 ya yi ƙaurin suna wajen cinye ƙwaƙwalwa saboda yana ƙirga masu nuni ga sassan shafi, sai zagayen nuni ya hana su tafiya.

Sai dai dabarar tana da iyaka tun asali: abin da ba a iya kai wa gare shi take sharewa, ba abin da aka daina buƙata ba. Bidiyo ko sauti ko hoton wasa da aka cire daga allo zai ci gaba da zama a ƙwaƙwalwa muddin wani ɗan sashe na manhaja, misali mai jiran latsa maɓalli, yana riƙe da shi. Masu rubuta wasannin Flash sun sha fama da wannan, har kamfanin Adobe ya ƙara umarni na musamman a Flash Player 10 a 2008 domin tsayar da abin da aka loda da sauke shi. A ƙaramar waya mai ƙarancin ƙwaƙwalwa, irin wannan sakaci kan sa shafi ya yi nauyi ko ya rufe kansa.

Sauran ayyuka da mutuwarsa

McCarthy na cikin na farko da suka yi kira da a tsara yadda mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Ya koma jami'ar Stanford a 1962, ya kafa ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira a can, ya zauna har ya yi ritaya a ƙarshen 2000. Ya kuma tsara wani harshe, Elephant 2000, bisa ra'in ayyukan furuci na masana falsafar harshe, inda manhaja ke yin tambaya, ta ba da amsa, ta ɗauki alkawari.

An ba shi lambar yabo ta Turing a 1971, ta Kyoto a 1988, da lambar kimiyya ta ƙasar Amurka a 1990. Ya mutu a gidansa da ke Stanford, jihar Kalifoniya, yana da shekara 84.