Herbert Hoover Da Ambaliyar Kogin Misisipi

An haifi Herbert Hoover a Jihar Iowa ta Amurka cikin shekarar 1874. Ya tashi maraya, ya zama injiniyan ma'adinai.

Cikin 1927 Kogin Misisipi ya yi ambaliya, ya raba mutane fiye da 600,000 da gidajensu. Gwamnonin jihohi suka nemi taimakon Gwamnatin Tarayya, sai Shugaba Coolidge ya danƙa wa Hoover, wanda yake Ministan Ciniki, ragamar aikin agaji. Ya kafa hedkwatarsa a Memphis. Garuruwa suka naɗa kwamitocin kula da sansanonin 'yan gudun hijira, sojoji suka ba da tantuna, Ƙungiyar Red Cross kuwa ta tara kuɗi. Amma da yake sansanonin suna hannun manyan gari, a wasu wurare an tilasta wa baƙar fata aiki.

Sunan da ya yi ya taimaka masa ya zama Shugaban Ƙasa cikin 1929. Da tattalin arziki ya karye, ya bar yawancin ɗawainiyar talakawa ga jihohi da ƙananan hukumomi. Nauyin ya fi ƙarfinsu, ya kuwa faɗi zaɓen 1932. Ya rasu cikin 1964.