Bernard Fagg: Jami'in gwamnatin da ya ceto fuskokin Nok

An haifi Bernard Fagg a Ingila a shekarar 1915. Bayan ya kammala karatu a Jami'ar Kambirij, ya zo Jos a 1939 a matsayin jami'in mulki, a zamanin da haƙar kuza ta mamaye tsaunukan Filato.

A farkon shekarun 1940 aka kawo masa wani kan mutum na gasasshen yumɓu da aka tono a wajen haƙar kuza kusa da Jama'a. Kafin nan, an kafa kan a gonar doya don tsorata dabbobi masu ɓarna. Fagg ya lura cewa ya yi kama da wani sassaƙen da aka samu a ƙauyen Nok tun 1928. Daga nan ya riƙa roƙon masu haƙa su daina zubar da irin waɗannan ɓaraguzai, kuma shi ya laƙaba wa al'adar sunan Nok.

Fuskokin suna da siffa sananniya: idanu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido da hanci da baki. Hudar tana fitar da tururi lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe, kuma ita ce ke sa mai kallo ya ji tamkar fuskar na dubansa. Kitso iri-iri da tarin duwatsun ado a wuya da hannu, masana na ɗaukarsu alamar muƙami ko daraja. Wasu an nuna su zaune, haɓa bisa gwiwa, cikin zurfin tunani, wasu kuma da alamun cuta a jiki.

A 1952 Fagg ya buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos, a 1957 kuma ya zama shugaban sashen kayan tarihi na ƙasa. Tonon da ya yi a Taruga ya bayyana murhunan narkar da ƙarfe masu shekaru fiye da 2,000. A 1963 ya koma Okusfod, ya rasu a 1987.

Bayansa, masu tonon sata sun wawashe wuraren Nok da dama, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai. Abin da ya tsira a Jos ya tsira ne domin wani ma'aikaci ya rubuta inda aka samo kowane yanki, ya kuma ajiye shi a hannun hukuma. Wannan amana yanzu tana wuyan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masu tsara mata kasafi a Abuja.