Arthur Newton: Manomin da ya shiga tsere don ceto gonarsa, ya ƙare malamin masu dogon gudu

Ranar 1 ga watan Janairun 1922, wani Bature mai noman auduga da taba a lardin Natal na Afirka ta Kudu ya fito daga gidan gonarsa da niyyar yin gudun mil biyu. Shekararsa 38, mashayin taba ne, kuma bai taɓa yin suna a wani wasa ba. Ya dawo jiki ya yi tsami, sai da ya kwana biyu kafin ya warware.

Ba a cika wata biyar ba, mutumin ya lashe tseren Comrades mai nisan kusan kilomita 90, wato ninki biyu na gudun fanfalaki har da ɗoriya. Sunansa Arthur Newton, kuma yawancin abin da kulob-kulob na masu dogon gudu ke koya wa sababbin shiga a yau, shi ya fara gwada shi a jikinsa sannan ya rubuta.

Sai dai ba sha'awar wasa ce ta fito da shi ba. Rigimar ƙasa ce.

Daga aji zuwa gona

An haifi Newton ranar 20 ga Mayun 1883 a garin Weston-super-Mare da ke Ingila, mahaifinsa limamin coci ne. A farkon shekarun 1900 ya tafi Afirka ta Kudu, ya yi aikin koyarwa a makarantun Natal, daga baya ya samu fili a kusa da garin Harding ya kama noma. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga soja, yana kai saƙonni a kan babur. Da ya dawo ya tarar gonar ta lalace, ya sake farawa.

Matsalar da ta fi damunsa ita ce gonar tana cikin yankin da gwamnati ke son ware wa baƙaƙen fata. Tun a 1913 aka yi dokar ƙasa wadda ta bar wa baƙaƙen fata, masu rinjaye nesa ba kusa ba, kusan kashi 7 cikin 100 kacal na ƙasar kakanninsu. Newton ya ga darajar gonarsa ta faɗi, ba Baturen da zai saya, kuma yana ta rigima da maƙwabtansa a kan dabbobi da iyaka. Ya nemi gwamnati ta biya shi diyya ko ta musanya masa da wani filin. Aka yi biris da shi.

Daga nan ya yi wani lissafi mai ban mamaki. A ganinsa, manomin ƙauye ba shi da murya, amma zakaran wasa jaridu za su saurare shi. Saboda haka zai zama zakara.

Dole a faɗi gaskiya a nan: waɗanda aka zalunta da gaske a wannan dambarwa su ne mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka cusa su a lungu. Newton bai kalli abin ta wannan fuska ba. Yadda yake magana a kan maƙwabtansa baƙaƙe cike yake da rainin da Turawan mulkin mallaka na zamaninsa suka saba da shi, kuma masu rubuta tarihinsa ba su ɓoye hakan ba.

Tseren tsofaffin sojoji

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ne ya ƙirƙiro Comrades domin tunawa da 'yan uwansa da suka mutu a yaƙi. An yi na farko ranar 24 ga Mayun 1921 daga Pietermaritzburg zuwa Durban. Mutum 34 suka tashi, 16 suka kai, Bill Rowan ya zo na ɗaya a cikin awa 8 da minti 59.

Ana juya hanyar ne: wata shekara a gangaro zuwa Durban da ke bakin teku, wata shekara a haura zuwa Pietermaritzburg. A wancan lokaci yawancin hanyar ba kwalta, ƙura ce da duwatsu da manyan tuddai irin su Inchanga da Polly Shortts. Tseren 1922 na hawa ne, kuma Newton ya gama a awa 8 da minti 40, kwana huɗu bayan ya cika shekara 39.

Abin da ya girgiza mutane ya zo ne a 1923. Ya gangaro a awa 6 da minti 56, ya rage sama da awa biyu daga lokacin Rowan a kan hanya ɗaya. Saura kaɗan ya riga masu riƙe agogo isa wurin ƙarewa, domin ba wanda ya zaci ɗan Adam zai iso da wuri haka. Ya sake lashewa a 1924, da 1925 inda ya yi awa 6 da minti 24, sannan a 1927. Sau biyar ke nan. A 1926 kaɗai Harry Phillips ya sha gabansa.

Yadda yake atisaye

A zamanin, masu horarwa sun yi imani cewa ɗan tsere ya yi atisaye 'yan kwanaki a mako, na 'yan makonni kafin gasa, kuma ya riƙa gwada iyakar saurinsa. Suna ganin yawan gudu yana cinye ƙarfin mutum, musamman wanda ya doshi arba'in.

Newton ba shi da mai horarwa, sai ya mayar da jikinsa abin gwaji. A farko shi ma ya yi gaggawa, ya sha wuya, sannan ya sauya. Ya koma fita kusan kullum, rani da damina, yana cin wajen mil 20 a rana a kan hanyoyin ƙasa da tuddan da ke kewaye da gonarsa. Gudun kuma a hankali yake yin sa, yadda numfashi ba zai sarƙe ba. Takunsa gajere ne, ƙafa ba ta tashi sosai daga ƙasa, domin duk ɗagawar da ba ta da amfani ƙarfi ne ake zubarwa, kuma a tafiyar awa bakwai ƙaramar asara tana taruwa ta zama babba.

Ƙa'idarsa ita ce nisa kafin sauri. Mutum ya fara da abin da jikinsa zai ɗauka, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har jijiyoyi da ƙasusuwa su saba. Ya tsani a mayar da atisaye gasa. Wannan ita ce cutar da ke kama masu fita gudu a ƙungiya har gobe: mutum biyu su fara ja-in-ja a kan tudu, sauran su bi, a dawo gida an ƙone ƙarfin da ya kamata a adana wa ranar tsere. Newton ya ce wa almajiransa su bar wannan, su kuma rage yawan shiga gasa idan suna da babbar da suke hari.

Yana kuma sha a hanya, a lokacin da da yawa ke ganin shan ruwa cikin tsere rauni ne. Abin shansa lemo ne da sukari da ɗan gishiri, wanda bai yi nisa da abin da kamfanoni ke sayarwa a kwalba yanzu ba.

Ba duka ya dace ba. Ya raina atisayen sauri fiye da kima, kuma masu horarwa na baya sun nuna cewa ko mai gudun kilomita 90 yana amfana da shi. Amma tushen ya tsaya. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town, a littafinsa Lore of Running, ya ɗora yawancin ƙa'idojin atisayen da ya tsara a kan na Newton.

Suna ya samu, gona ta tafi

A 1924 ya je Ingila ya yi gudu daga Landan zuwa Brighton, kimanin mil 52, a awa 5 da minti 53, ya kafa sabon tarihi. Jaridu sun buga labarinsa har da ƙorafinsa a kan gonar. Gwamnatin Afirka ta Kudu ba ta motsa ba.

A 1925, ba gona ba kuɗi, ya kama doguwar tafiya a ƙafa zuwa Rodeshiya, wadda ita ce Zimbabuwe a yau. A Rodeshiya ya samu aiki, ya kuma kafa kulob na 'yan gudu mai suna Bulawayo Harriers. Mutumin da ya saba gudu shi kaɗai a daji ya koma mai tara jama'a yana koya musu. A can ne a 1927 ya yi gudun mil 100, wato kilomita 161, a awa 14 da minti 43. A Janairun 1928, cikin tsananin sanyin Ingila, ya rage shi zuwa awa 14 da minti 22 a kan hanyar Bath zuwa Landan.

Sai ga tallar wani ɗan kasuwar wasanni na Amurka, C.C. Pyle: tsere daga Los Angeles zuwa New York, fiye da kilomita 5,400, wanda ya zo na ɗaya zai karɓi dala 25,000. Ga mai shekara 44 da ba shi da komai, wannan ba abin ƙi ba ne. Mutum 199 suka tashi ranar 4 ga Maris 1928. Newton ya yi ta jan gaba har jihar Arizona, inda ciwon ƙafa ya fitar da shi. Wani matashi daga Oklahoma, Andy Payne, ya cinye bayan kwana 84. A zagaye na biyu a 1929 mota ce ta buge Newton a hanya. Abokinsa Peter Gavuzzi, ɗan Ingila mai asalin Italiya, ya zo na biyu da tazarar da ba ta kai minti uku ba bayan ratsa nahiya guda, kuma Pyle ya talauce bai biya kuɗin ba.

Shi da Gavuzzi suka zauna suna neman na abinci da ƙafafunsu a Amurka da Kanada, har da tsere a kan dusar ƙanƙara. A 1931, a wani rufaffen fili a birnin Hamilton na Kanada, Newton ya yi mil 152 da 'yan kai a cikin awa 24, kusan kilomita 245. A 1934, yana da shekara 51, ya koma hanyar Bath ya yi mil 100 a awa 14 da minti 6, daga nan ya ajiye gasa. A lissafin da yake rubutawa da kansa, ya haura mil 100,000 a cikin waɗannan shekaru.

Falon da ya zama kulob

Shiga tseren Pyle ya jawo masa hukuncin da bai taɓa fita daga cikinsa ba. Dokar wasannin guje-guje ta lokacin ta ce duk wanda ya yi gudu don kuɗi ya fita daga sahun masu yi don sha'awa, kuma su ne ke riƙe da kulob-kulob da manyan gasanni. Hukumar wasannin Ingila ta rufe masa ƙofa. Mutumin da ya fi kowa sanin dogon gudu a ƙasar ba shi da hurumi a harkar a hukumance.

Sai ya koma rubutu. Littafinsa na farko, Running, ya fito a 1935, wasu uku suka biyo baya, kuma bai raga wa shugabannin wasanni a cikinsu ba. Bai taɓa aure ba. Gidansa da ke Ruislip Manor a yammacin Landan ya zama matattarar 'yan gudu, musamman ranar Lahadi. Za su zo a guje daga unguwanninsu, a dafa shayi, a baje labarin nisa da takalma da ciwon gwiwa. Ba rajista, ba kuɗin shiga.

Abin da ya fi fito da halinsa shi ne yadda ya riƙa taimakon masu son karya tarihinsa. A 1937 Hardy Ballington ya zo daga Durban, Newton ya tsaya masa, ya karya tarihin Landan zuwa Brighton da daƙiƙa ɗaya tak, sannan ya karya na mil 100. A 1953 Wally Hayward ya zo, shi ma Newton ya shirya masa. Hayward ya share tarihin Brighton da na mil 100, sannan a filin Motspur Park ya yi mil 159 a awa 24, ya goge na Hamilton. Tsohon yana gefen fili yana kallo. Ba a jima ba dokar da ta kama Newton ta kama Hayward, aka dakatar da shi shekara 20 saboda gudummawar kuɗin tafiya da ya karɓa.

A 1951 aka mayar da Landan zuwa Brighton tseren shekara-shekara, a 1952 kuma aka kafa ƙungiyar Road Runners Club ta Ingila domin ta riƙa gudanar da shi. Kofin da aka riƙa bai wa zakaran tseren sunan Newton aka sa masa. A ƙarshen rayuwarsa idanunsa sun yi rauni sosai. Ya mutu ranar 7 ga Satumban 1959 yana da shekara 76.

Tseren bayan shi

Duk tsawon rayuwar Newton, Comrades na Turawa maza ne zalla. Frances Hayward ta yi gudun a 1923 ba tare da an saka ta a lissafi ba. Robert Mtshali, baƙar fata, ya yi haka a 1935, ya gama a kimanin awa tara da rabi, bai samu lambar hukuma ba. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga mata da baƙaƙen fata, kuma sai a 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya lashe.

Yanzu dubban mutane ke shiga kowace shekara, ana ba su awa 12 su gama. Ɗan Afirka ta Kudu ba ya shiga sai yana da rajista da wani kulob, shi ya sa a ƙauyuka da unguwannin talakawa ake ganin ayarin 'yan gudu da asuba suna tara nisa a hankali, watanni kafin ranar. Stephen Muzhingi na Zimbabuwe ya lashe sau uku a jere daga 2009 zuwa 2011. Bongmusa Mthembu, ɗan ƙauyen Bulwer a lardin da Newton ya yi noma, shi ma ya lashe sau uku. A 2023 Tete Dijana ya gangaro Durban a awa 5 da minti 13.

Kusa da tsakiyar hanya, a wajen Drummond, akwai wani ɗan gurbi a jikin gangaren bakin titi da ake kira Arthur's Seat, inda aka ce Newton kan zauna ya huta. Masu tsere sukan tsinko fure su ajiye a wurin, su gaishe shi, saboda camfin cewa wanda ya yi haka rabin hanyar da ya rage zai zo masa da sauƙi.