Gary Gygax: Mai Gyaran Takalmin Da Ya Sa Duniya Gardama Kan Dokar Wasa

Idan ka saba buga wot a wata majalisa a Dutsin-Ma, ran nan ka je Kurfi aka ce maka su a wurinsu ba a tare biyu da biyu, to ka ɗanɗana rigimar da Gary Gygax ya ƙare rayuwarsa a cikinta.

An haife shi a Chicago ranar 27 ga Yuli, 1938, ya tashi a Lake Geneva, wani ƙaramin gari a jihar Wisconsin ta Amurka. Ko sakandare bai gama ba. A 1970 ya rasa aikinsa a kamfanin inshora, ya koma gyaran takalma a gida, da dare kuma yana rubuta dokokin wasan yaƙi. A 1974 shi da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, kwafi 1,000 kacal.

Wasan ba na waya ba ne fa. Ku zagaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi, wannan mayaƙi, wancan boka. Mutum ɗaya ke ba da labari, shi ne kuma alƙali. Sai a jefa dayis. Sihirin nasu na takarda ne, tsarinsa ma daga littattafan marubuci Jack Vance ya aro: boka ya haddace, da zarar ya jefa ya manta, sai ya sake haddacewa. Daga nan gardama ke tashi. In ya cilla ƙwallon wuta a ƙuntataccen ɗaki, abokan tafiyarsa za su ƙone ko kuwa? Ƙananan littattafai uku na farko sun bar irin wannan a hannun alƙalin kowane tebur.

Da kasuwa ta buɗe sai mutumin ya juya. Tsakanin 1977 da 1979 ya fitar da manyan littattafai uku na Advanced Dungeons & Dragons, yana rubutu a mujallar Dragon cewa mai sauya dokokin wani wasan daban yake yi. Yana da hujja, don ba a shirya gasa kowa da dokar gidansu. Amma akwai maganar kuɗi ma: Arneson ya maka kamfaninsu na TSR a kotu a 1979 kan haƙƙinsa, sai 1981 aka sasanta.

Ni dai ina tare da Gygax na farko. Littafi komai kaurinsa ba zai hango duk dabarar da abokinka zai ɓullo da ita ba. Abin da ke hana faɗa shi ne ku daddale doka kafin a raba kati, hukuncin da aka yanke wa Musa kuma a yanke wa Audu irinsa.

A 1985 kamfanin da ya kafa ya suɓuce daga hannunsa. Ya rasu ranar 4 ga Maris, 2008, yana da shekara 69. A shekarunsa na ƙarshe, idan ya zauna alƙalancin tsohon wasan na 1974, da dokokin gidansa yake yi.