Taƙaitaccen Tarihin Iliya Mecnikof, Masanin Garkuwar Jiki

An haifi Iliya Mecnikof a shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Karkif, wanda a wancan zamani yake cikin daular Rasha, a yau kuma yake ƙasar Yukren. Ya karanta ilimin halittu a Jami'ar Karkif, inda ya kammala karatun shekara huɗu cikin shekara biyu. Daga baya ya koyar a jami'ar birnin Odesa. Matarsa ta farko ta rasu a 1873 sakamakon tarin fuka.

A shekarar 1882 ya ajiye aiki ya koma Mesina ta ƙasar Italiya. A can ne ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Da gari ya waye ya duba da madubin ganin ƙananan halittu, sai ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun kewaye ƙayar. Daga nan ya gane cewa jikin ɗan Adam ma yana da irinsu a cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda suke haɗiye ƙwayoyin cuta.

Ya kuma nuna cewa aikinsu bai tsaya ga yaƙi da cuta ba. Su ne suke cinye matattun ƙwayoyin jiki, kamar yadda suke taimakawa wajen cinye wutsiyar talibambam idan zai zama kwaɗo. Don haka kumburin da ke biyo bayan sukar ƙaya alama ce ta jiki yana kare kansa, yana kuma share wurin domin rauni ya warke. Masanan Jamus da yawa sun musanta masa, suna ganin ruwan jini ne ke yin kariyar. Daga baya aka tabbatar duka biyun suna aiki tare.

A 1888 ya koma Cibiyar Pasteur da ke Faris, kuma a 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich. A ƙarshen rayuwarsa kullum yana shan kindirmo, don yana ganin yana gyara hanji. Ya rasu a Faris a 1916. Har yau likitoci suna gina bincikensu na warkar da rauni a kan abin da ya gano.